KAFIN KA KIRA TA JUYA, JE KA A GWADA KA

Ya ku 'yan uwana mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba da Obalende, na Sabo a Ibadan, har zuwa Fatakwal. Na san maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata.

Wai shin don Allah wa ya gaya wa Malam Bahaushe cewa rashin haihuwa ciwon mata ne kawai? Da zarar an shekara biyu da aure shiru, sai dangin miji su fara yi wa yarinya habaici, a ɗura mata jiƙo, a kai ta wajen wannan malami da wancan mai magani, ƙarshe a yi mata kishiya ko a miƙa mata takarda. Shi kuwa gogan ko ƙofar asibiti bai taɓa leƙawa ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun namiji a ciki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hujjar da maza ke kafawa ita ce, ai ni lafiyata lau a shimfiɗa. To malam, ƙarfin kwanciya daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum na iya fitar da maniyyi alhali ƙwayoyin da ke cikinsa kaɗan ne, ko raunana, ko ma babu su sam, kuma ido ba ya ganewa sai an auna.

Mu dubi irin zaman da muke yi a nan. Allah Ya ajiye maraina a wajen jiki ne saboda suna bukatar sanyi fiye da sauran jiki. Direban tirela ko tanka da ke wuni zaune daga Apapa zuwa Kano, da mai gashin burodi da ke tsaye gaban wuta, kullum suna cikin zafin da ke rage ƙwayoyin nan. Wannan sana'a ce, ba laifi ba, maganinta a riƙa tsayawa ana miƙe ƙafa, a kuma daina ɗame jiki da matsattsen wando. Amma sigari fa, da shisha da wiwi? Tiramadol fa, da wasu ke afawa wai don ƙarfin aiki ko don su daɗe a kan iyali? Shi da kodin, wanda gwamnati ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, suna rage sinadarin mazantaka a jiki. Allurar ƙarin ƙarfin maza ta testosterone kuwa tana iya tsayar da samar da ƙwayoyin gaba ɗaya. Ka ga an je neman ƙiba an samo rama.

Sai babbar magana wadda ba ma son a taɓo, wato ciwon sanyi. Mutum ya kwaso shi a bariki, kunya ta hana shi zuwa asibiti, ya sayi ƙwaya biyu a kemis ya haɗiye, da zafin fitsari ya lafa sai ya ce ya warke. Ya tafi gida ya shafa wa baiwar Allah, cutar ta hau ta toshe mata hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sannan shi ɗin dai ya dawo yana kiran ta juya. Wallahi wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaya.

Ga kuma wani abu da ya keɓanta da mu 'yan cirani. Kwanakin da mace ke iya ɗaukar ciki ba su wuce kamar 6 ba a kowane wata. Kai kana Legas, ita tana Katsina, ba ka zuwa sai ƙaramar salla da babba, ka yi mako guda ka juyo. Ta ina cikin zai shiga? Manomin da bai je gona da damina ba, ba shi da bakin zagin ƙasa.

Ku ma iyayenmu mata da ƙannenmu ban ƙyale ku ba. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe ba abin wasa ba ne, domin ƙiba fiye da kima, haka ma rama fiye da kima, na rikita al'ada da fitar ƙwai. Cushe-cushen kayan matsi da ba a san abin da aka haɗa su da shi ba na jawo ƙwayoyin cuta da rauni a gaba. Shisha ba ta bar mace ba ita ma. Sannan shekaru na tafiya, haihuwa na raguwa sosai bayan 35, don haka shekarun da ake ɓatawa wajen yawon jiƙe-jiƙe ba sa dawowa.

Na san wani zai ce haihuwa ta Allah ce. Haka ne, babu musu. Arziki ma na Allah ne, amma ban ga wanda ya kwanta a ɗaki yana jira ba, duk mun baro garuruwanmu mun zo nema. Me ya sa sai a nan ne tawakkali ya zama naɗe hannu?

Abin yi a fili yake. Idan an shekara ana tare babu ciki, ko wata 6 in matar ta haura 35, ku tafi asibiti ku biyu. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, a tsakiyarmu, na Ibadan ma ba shi da nisa da Sabo. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha, ba allura ba tiyata. Kuma jiki na ɗaukar kusan wata 3 ne wajen ƙera sababbin ƙwayoyi, saboda haka wanda ya yar da sigari da ƙwaya yau, yana iya ganin canji kafin shekara ta zagayo.

Ina kira ga limamanmu da sarakunan Hausawa na Kudu, idan aka kawo muku ƙarar rashin haihuwa, ku fara tambayar mijin ko an gwada shi. Allah Ya ba marasa haihuwa zuri'a ɗayyiba, mu kuma Ya ganar da mu gaskiya, amin.