Ɓaraka 40,000 a shekara: wacce ya kamata a fara toshewa?

A shekarar 2024 kaɗai, an shigar da sababbin ɓarakar manhajoji fiye da 40,000 cikin kundin CVE, rajistar da duniya ke dogaro da ita wajen bai wa kowane rauni lambarsa. Wato sama da 100 ke nan kowace rana. Na'urorin bincike na kwaso waɗannan gargaɗi su jibge wa masu rubuta manhaja, su kuwa da aikinsu na yau da kullum a gaba. In ihu ya yi yawa, kunne kan daina ji.

An daɗe ana tantancewa da ma'aunin CVSS, mai ba da maki daga 0 zuwa 10. Sai dai makin da ake wallafawa munin ɓarnar da ka iya faruwa yake aunawa. Ba ya faɗin ko masu kutse na amfani da ɓarakar a halin yanzu, balle ya san ko manhajar taka tana fuskantar intanet ko tana can kulle a ciki. Shi ya sa dubban matsaloli ke zuwa da jan tambari iri ɗaya.

A Nuwamban 2021 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sauya salo. Ta buɗe jerin ɓarakar da aka tabbatar ana kutse da su, ta kuma ɗora wa ma'aikatun tarayya wa'adin gyara, galibi mako biyu ga sababbi. Zuwa ƙarshen 2024 jerin bai kai 1,500 ba. Wannan adadi ne da ɗan'adam zai iya tunkara, kuma a ganina nan ya dace kowa ya fara.

Amma gajeren jeri kaɗai ba ya raba gardama, kuma abin da ya sami kamfanin Equifax shaida ne. An fitar da facin ɓarakar Apache Struts ranar 7 ga Maris, 2017, makinta 10 cif. Kwana biyu bayan haka kamfanin ya aika saƙon cikin gida cewa a gyara cikin sa'o'i 48. Jerin waɗanda aka tura wa saƙon ya tsufa, binciken da aka gudanar daga baya kuma bai gano inda manhajar take ba. Daga watan Mayu zuwa Yuli masu kutse suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147.

Gargaɗin ya zo a kan lokaci. Abin da aka rasa shi ne sanin inda manhajar ke aiki da wanda alhakin gyaranta ke wuyansa. Tattara wannan bayani aikin shugabanni ne, ba na matashin injiniyan da za a nuna wa yatsa daga baya ba. A gaban majalisar dokokin Amurka, tsohon shugaban kamfanin, Richard Smith, ya jingina kuskuren ga ma'aikaci guda da kuma na'urar bincike. A 2019 Equifax ya amince zai biya har dala miliyan 700 domin sasantawa.