Yaron da ya kada uku, ba wanda ya rubuta



Bayan girbin bara na tsaya kallon kokowa a wani ƙauye tsakanin Matankari da Dankasari. Anka fiddo wani yaro, a ganina bai wuce shekara 14 ba, ya kada tsaransa uku a jere. Fili ya ɗauki sowa, makaɗa sunka juya kansa. Sai manya sunka ce a ƙara mishi, anka haɗa shi da wani ƙato mai gemu wanda ya kai shekara 20. Ba a yi minti guda ba ya ɗaga yaron ya maka da ƙasa, kafaɗa ta goce. Bana na tambayi labarinsa, anka ce ya bar kokowa, ya tafi bida. Babu takarda ko ɗaya da ta shaida cewa wata rana ya kada uku.

Wanga yaro shi ya sa yau zan yi muku maganar tanis. Na san za ku ce mi ya haɗa mu da tanis, wasan da muke gani a talabijin kawai. Ku ɗan ba ni haƙuri. Raket da ƙwallon su riƙe kayansu, littafinsu nike so mu ara.

Ga yadda abin yake. Hukumar tanis ta duniya, mai hedkwata a Landan, tana da gasanni na matasa zalla, maza daban mata daban. Sai yaro ya cika shekara 13 ake barinsa ya shiga, kuma ƙarshen shekarar da ya cika 18 ya fita ke nan. Kowa na da lambarsa ta rajista, da ranar haihuwarsa a rubuce. Gasannin hawa-hawa ne: J30, J60, J100, J200, J300, J500. Lambar ita ce makin da zakara ke samu. Wanda ya ci J30 shina da maki 30, wanda ya ci J300 shina da 300. A can sama akwai gasannin matasa na manyan filaye huɗu, Ostareliya, Roland Garros, Wimbledon da Amurka, inda zakara ke kwasar maki 1000. Wanda ya faɗi a wasan ƙarshe ko na kusa da ƙarshe shi ma shina da rabonsa, amma bai kai na zakara ba. Kuma ba a ba da kyautar kuɗi a gasannin matasa.

Wajen jera su, ba a tara duk makin da yaro ya taɓa samu. Ana ɗaukar sakamako shida mafi kyau a wasan ɗaya da ɗaya, a ƙara da kashi ɗaya cikin huɗu na shida mafi kyau a wasan biyu da biyu. Kuma duk maki ransa sati 52 ne. In ka ci gasa a watan Maris na bana, Maris na baɗi makin ya zube, sai ka sake cin wani. Ƙananan kuma an ƙayyade musu yawan gasar da za su shiga a shekara, don kada a ƙone su tun ba su nuna ba.

Abu uku na gani a ciki. Yaro da tsaransa yake karawa. Nasarar ƙaramin fili ba ta ɓata, tana cikin littafi. Sannan sunan da ka yi jiya ba ya ci da kai yau, domin maki na mutuwa.

Ku duba abin da littafin ya yi wa ƴan Afirka. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci gasar matasa ta Roland Garros a 2011, daga baya ta kai wasan ƙarshe na manya a Wimbledon sau biyu, 2022 da 2023. Angella Okutoyi ta Kenya, wadda kakarta ta rena a Nairobi, ta ci kofin biyu da biyu na matasa a Wimbledon a 2022. Daga ƙananan gasanni sunka fara, maki ya yi ta hawa da su har ƙofar manyan filaye ta buɗe. Yanzu ku kwatanta da Yannick Noah. Shi sa'a ya taka: Arthur Ashe ya biyo ta Yaounde a 1971, ya gan shi shina ɗan shekara 11, ya yi mishi hanya zuwa Faransa, har ya ci Roland Garros a 1983. To, Noah nawa ne Ashe bai biyo ta garinsu ba? Yaranmu har yau a zamanin Noah suke, jiran babban mutum ya biyo.

Amma gaskiya ɗaya ce, tsarin tanis na da babban aibi. Maki na bin tikitin jirgi. Tunda ba kyautar kuɗi, iyaye ko hukumar ƙasa ke biyan tafiya, masauki da mai horaswa. Ɗan mai hali zai zagaya ƙasa goma ya zaɓi shida mafi kyau, ɗan talaka ya shiga gasa biyu da sunka zo kusa da gida, sauran gurabe huɗu su zauna wayam. A takarda sai a ga na farko ya fi gwaninta, alhali aljihun ubansa ne ya fi. Wanga kada mu ara.

Mu kuwa Allah ya ba mu abin da su ba su da shi: filin kokowa na kowane ƙauye, kuma ba ya cin ko dala. Jihar Doso ba baƙuwa ba ce a wanga fage. Filin Doso sunan Salma Ɗan Rani gare shi, Issaka Issaka kuma ya ɗauko takobi har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Tun 1975 da anka fara gasar takobi a Tawa ƙasa ke tsayawa cak lokacinta. Sai dai kowace jiha mutum goma take kaiwa, kuma manya ne. Daga filin ƙauye zuwa cikin goman nan, wace hanya ɗan shekara 15 zai bi? In ba shi da wanda ya san wani, babu.

Ga shawarata. Komin shida ne a gundumar Dogon Dutsi: Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Dogon Kiriya da Sukukutan. Huɗu a gundumar Tibiri: Tibiri, Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa. Kowace ta aje littafi guda a meri, a hannun mushe ɗaya da tsohon ɗan kokowa ɗaya. A raba yara aji uku: ƙasa da 14, ƙasa da 16, ƙasa da 18, a cikin kowane aji kuma a duba nauyi. Zakaran ƙauye maki 30, na komin 60, na gunduma 100. A ɗauki sakamako huɗu mafi kyau daga kaka zuwa kaka, in shekara ta zagayo a share. Kada a ƙirga gasar da yaro ba zai iya zuwa da ƙafa, amalanke ko kabu-kabu ba, sai ta gunduma, ita kuma komin ta ɗauki nauyin motar. A yi wasa ranakun da ba lakwal. Mu ƴan radiyo mu karanta jerin kowane wata. Littafin nan kuma zai iya ɗaukar langa da tseren gudu, har ƴan mata su samu shafinsu.

Na san abin da za a ce. Dattawa za su ce kokowa gado ce, ba aikin takarda ba. Ranku ya daɗe, ba a taɓa kiɗi ba, ba a taɓa kirari ba, ba a taɓa laya ba. Ko da can, ai manya ke hana a haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa, littafi tuni ne kawai in sowa ta ɗebe hankali. Wasu za su ce yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Haka ne, kuma shi ne babban gyaran: uban da bai je meri don lakwal ba, wataƙila ya je don ɗansa ya shiga fili, takardar kuma ta yi wa yaron amfani ranar jarabawa. Wasu za su ce za a yi cuwa-cuwar shekaru. Za a gwada, amma a ƙauye kowa ya san wanda anka haifa shekara guda da wane, kuma jerin da anka karanta a radiyo kunne dubu ke gadinsa. Akwai kuma wuraren da matsalar tsaro ba ta barin taro yadda ake so. Sai a fara inda za a iya, sauran su shigo in Allah ya kawo sauƙi.

Kudin abin bai wuce littafi goma, biro, da sikeli na aro daga masu awon hatsi ba. Kaka na tafe. Shugabannin komin, hakimai, kungiyoyin samari, wa zai fara buɗe nasa littafi? Wanda ya fara, ni da kaina zan zo da makirfo in karanta sunan yaron farko.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi raya muna ɗiyanmu.