Titunan Sakkwato a Tsofaffin Hotuna

Duk bayan 'yan kwanaki sai wani tsohon hoton Sakkwato ya ɓullo a Facebook ko WhatsApp, baƙi da fari, gefensa duk ya cinye. Wasu daga cikin hotunan katunan wasiƙa ne, irin waɗanda Turawan mulki da 'yan kasuwarsu kan manna wa kan sarki su aika gida ta gidan waya. Da zarar hoto ya fito sai gardama ta kaure. Wannan ya ce Kanwuri ne, wancan ya ce bakin tsohuwar kasuwa ne, wani ya rantse ba ma Sakkwato ba ce, Katsina ce. Haka za a watse ba a tsai da magana ba. Abin damuwa ne a ce birnin da ya cika duniya da rubutaccen tarihi ya kasa gane fuskarsa ta shekara ɗari da suka wuce.

Kamannin garin a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa shi a 1809, a rubuce muka same su. Baturen nan Kilafatan, da ya iso a 1824, ya ba da labarin ganuwa mai tsawo da ƙofofi goma sha biyu da ake rufewa da faɗuwar rana, da manyan masallatai biyu, da kasuwa a tsakiyar gari, da babban fili a ƙofar gidan Sarkin Musulmi. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan tsohon gari har gobe: daga Kanwuri da Masallacin Bello, a miƙa zuwa Masallacin Shehu da Hubbare. Na'urar ɗaukar hoto ta zauna da gindinta ne bayan faɗan Giginya na 15 ga Maris 1903, kuma a hannun Turawan da suka ci garin take.

Wanda ya ƙura wa hotunan wancan zamani ido zai ga hanya ta turɓaya, katangun ƙasa hagu da dama, zauruka masu rufin azara, jakuna da mangala, raƙuma ɗauke da kaya, mahaya da manyan riguna. Sama da duka zai ga mutane a tsakiyar hanya, suna tafiya hankali kwance, saboda hanyar tasu ce. Dakalin ƙofar gida wurin zama ne, zaure makaranta ne kuma masauƙin baƙo, a nan ma akan sasanta rigimar maƙwabta.

Wannan kama ta daɗe a Sakkwato fiye da Kano, kuma akwai dalili. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya ja kamfanonin gyaɗa da kantuna da baƙi. A ɓangarenmu layin dogo ya ƙare a Ƙaurar Namoda a 1929, bai ƙaraso ba. Saboda haka canji ya riƙa shigowa da sannu, a bayan manyan motoci daga Gusau. A shekarun 1960 abin ya ɗau sauri. Aka sake gina masallatan Juma'a biyu da kayan zamani a lokacin Sardauna, aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967. Jami'a ta zo a 1975, Jihar Sakkwato a 1976, kuɗin fetur na zuba. Ma'aikata da 'yan kwangila suka cika gari, ciniki ya karkata zuwa Titin Ahmadu Bello da Titin Emir Yahaya, bankuna suka jeru a Titin Kano. Mai zauren da ke bakin titi ya ga haya ta fi, ya fasa bango ya sa ƙofar ƙarfe. Ganuwa ta zube, aka kwashi ƙasarta aka yi gini a kanta. Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, duk yau sunayen unguwanni ne da wuraren da ɗan kabu-kabu ke sauke fasinja. Yara nawa ne za su iya nuna inda ganuwar ta bi?

Kada mu bari kyawun hoto ya ruɗe mu. Mai ɗaukarsa abin da zai burge mutanen Ingila yake nema: rawani, doki, raƙumi. Bai ɗauki mace mai naƙuda da ba ta da asibitin zuwa ba, bai ɗauki caɓin damina ba, bai ɗauki talakan da aka tilasta wa aikin hanya ba. Kwalta da famfo da lantarki alheri ne, kuma mai shago a Emir Yahaya da ke ciyar da gida da cinikinsa bai yi wa kowa laifi ba. Babu mai hankalin da zai nemi a mai da mu zamanin jaki.

Amma hotunan na tuna mana wani ilimi da muka yar. Magabata sun gina gari daidai da zafinsa: bango mai kauri, lungu mai inuwa, itace a dandali. Ko dogonyaro, da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa, ya samu karɓuwa ne saboda ya dace da wannan buƙata, har ya zama alamar titunanmu. A garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yanzu idan za a faɗaɗa titi itace ake fara sarewa, kuma ba kasafai ake dasa madadinsa ba. An yi gadojin sama, mota ta samu sauƙi, to tsoho mai zuwa masallaci da ɗan makaranta mai tsallaka titi fa? Mafi yawan masu bin titunan nan da ƙafa suke bin su, su ne kuma ake mantawa da su wajen zanen aikin.

Darajar katin wasiƙa ta wuce kallo. A garin Jenne na Mali, hotunan da Bafaranshe Edmond Fortier ya ɗauka a 1906 ya buga a katuna su ne babbar shaidar kangon tsohon masallacin garin, kafin a gina na yanzu a 1907. Namu hotunan kuwa suna warwatse: wasu a ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya, wasu cikin tarin E. H. Duckworth na mujallar Nigeria Magazine a jami'ar Northwestern ta Amurka, wasu a Kaduna. Mafi daraja a cikinsu suna nan cikin gari, a akwatunan tsofaffi da ɗakunan masu hoto na da: hoton ango a ƙofar gida, hawan Sallah, buɗe sabon shago. A bayan mutumin da aka ɗauka akwai titi, kuma wannan titin shi ne tarihin da gara da ruwan sama ke ci kullum. Gobarar da ta cinye wani babban sashe na Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ta nuna yadda wuri ke ɓacewa cikin yini guda.

Shawarata uku ce. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, tare da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su buɗe ƙofa ga iyalai: a kawo hoto, a kwafe shi a kwamfuta, a mayar wa mai shi abinsa nan take. Sannan a zauna da dattawan kowace unguwa tun suna raye, su faɗi wurin da ke hoton da sunan gidan da shekarar. Na uku, gwamnatin jiha ta sharɗanta wa duk ɗan kwangila cewa kafin ya taɓa gini ko itace a bakin titi, sai an ɗauki titin hoto daga farko zuwa ƙarshe an ajiye a hukumar, kuma itacen da aka sare a dasa wani a gurbinsa.

Kuɗin wannan aiki bai kai na kwaltar kilomita guda ba. Wayar da ke aljihunmu ta fi na'urar Fortier ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka kowa na iya farawa daga layinsu a wannan makon, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata. Marigayi Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa yana tattara takardun magabata don kada su salwanta. Tattara hotunan garin shi ne kason da ya faɗo a kanmu.