Jirgin kamun kifi ba na tsere ba ne

1/ Jama'a, na gaji da wannan huɗubar. Duk wanda zai sayi ƙaramin jirgin kamun kifi na hannu, irin wanda ake ja da tirela, sai a ce masa ya nemi mai ƙasa mai tsini sosai, wai shi ne daɗin tafiya. Daɗin minti nawa?

2/ Gaskiya ne, ƙasa mai tsinin digiri 20 zuwa 24 tana yanka igiyar ruwa. A Port Phillip, nan Melbourne, idan iska ta taso da yamma, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa zai yi ta bugun ruwa har ƙugunka ya amsa. Ban musa ba.

3/ Amma malam, kifi kake kamawa ko tsere kake? Tafiyar rabin awa ce, zaman awa biyar. Kana kashe inji, mai tsinin nan sai tangaɗi. Mutum biyu su koma gefe guda su ciro kifi, ya karkace. Ɗana ya yi amai sau uku, yanzu ko na kira shi ba ya zuwa.

4/ Shi ya sa Surtees da Bar Crusher suka yi wa ƙasan jirginsu ramin da ruwa ke cikawa idan an tsaya, ya zube idan an taka wuta. Su ma sun san matsalar.

5/ Kada ka biya kuɗi jirgi na kan tirela. Ranar iska za ku gwada shi, a kashe inji, kowa ya koma gefe ɗaya. In mai shi ya ƙi, kama gabanka.