Kadan Majigi Da Kadan Yerwa

A wannan mako zancen majigi za mu yi. Akwai wani fim na Amurka mai suna Crawl wanda samarin Maiduguri ke karɓa a shagunan masu tura finafinai cikin waya, waɗansu ma ba su san sunansa na ainihi ba, fim ɗin kada kawai suke ce masa. Ba sabo ba ne, tun shekarar 2019 ya fito, amma har yanzu in aka ambace shi a teburin mai shayi ko a majalisar bayan sallar isha'i, sai gardama ta kaure. Dalilin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san abin da ya sami Yerwa.

Ga wanda bai gani ba, labarin gajere ne. Wani Bafaranshe, Alexandre Aja, shi ya shirya shi. Wata budurwa ce gwanar iyo mai suna Haley ta ji labarin wata mahaukaciyar guguwa ta doso Jihar Fulorida, ta nemi mahaifinta ta waya ba ta same shi ba, sai ta ƙi jin gargaɗin 'yan sanda, ta tafi tsohon gidansu nemansa. Ta tarad da shi kwance a wani ƙunci da ke ƙarƙashin daɓen gida, kada ya ji masa rauni. Ruwa yana ta hauhawa, kadoji suna ta shigowa ta magudana, daga baya ma shingen da ke tare ruwan garin ya karye. A ƙarshe uban ya rasa hannu ɗaya, amma shi da 'yarsa da karensu suka hau rufin gida, jirgi mai saukar ungulu ya zo ɗaukarsu. Duka-duka bai cika awa ɗaya da rabi ba.

To, a daren 9 ga watan Satumba na 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya afka wa Maiduguri mutane suna barci. Ya ci Gwange da Fori da Bulabulin, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Mai Martaba Shehun Barno da Asibitin Koyarwa na Jami'a. Mutane fiye da 400,000 suka rasa matsuguni. Ginin kurkuku ya faɗi, fursunoni 281 suka gudu. Sa'an nan hukumar gidan namun daji na Sanda Kyarimi ta ba da sanarwa cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinta sun halaka, ruwa kuma ya kwashi kadoji da macizai ya nufi unguwanni da su, kowa ya yi hattara. An ga hoton jimina tana gantali cikin ruwa a kan titi. Watau abin da mutumin Legas ko Kano zai kalla domin ya ɗan razana ya yi dariya, mutumin Yerwa ya taɓa taka ruwa har ƙirji cikin duhu yana tunaninsa, da yaro a wuya.

Waɗanda suka fi kushe fim ɗin, a iyakar abin da na ji, su ne masu sana'ar kifi na wajen Tashar Baga, mutanen da suka tashi a bakin Tafkin Cadi. Su a wurinsu ƙarya ce tsagwaronta. Kada, in ji su, ba ya farautar mutum ɗaki-ɗaki kamar ɗan bashi. In ya sami abin da ya cika masa ciki sai ya koma ya kwanta, ya yi kwanaki bai sake neman wani ba, kuma in ya cafke ƙafar mutum cikin ruwa mai zurfi, da wuya mutumin ya kuɓuce har ya sake yin iyo kamar yadda yarinyar nan ta yi sau da dama. Suna da gaskiya. Kada dabba ce mai sanyin jini, ba ta bukatar abinci kullum. Kadan Amurka mai faffaɗan baki ma bai kai namu na Afirka faɗa ba, domin a Fulorida ɗin da kanta, inda ake da su fiye da miliyan guda, mutanen da aka tabbatar sun kashe tun daga 1948 ba su kai 40 ba. Bugu da ƙari, kadojin fim ɗin da kwamfuta aka zana su, aka ɗauki hoton a ƙasar Sabiya, nesa da inda irinsu ke rayuwa. Da na gaya wa wani dattijo wannan, sai ya kaɗa kai kamar wanda alƙali ya ba gaskiya.

Manyanmu kuwa, waɗanda suka yi zamanin gidajen silima, wani aibi dabam suka gani. Su abin awonsu shi ne Nagin, fim ɗin Indiya na 1976 wanda Rajkumar Kohli ya shirya, inda macijiya ke rikiɗa ta zama mace, Reena Roy ke nan, tana bin mutanen da take zargi da kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya. Suna kuma tuna Nagina na 1986, na Sridevi da Amrish Puri. Cewa suke macijiyar Indiya tana da hujja, an zalunce ta ne ta rama, saboda haka mai kallo yana tsoronta yana kuma tausaya mata. Amma kadan Bature ba shi da dalili, ba shi da zuciya, haƙori ne kurum da wutsiya.

Wannan magana ta fi ta farko nauyi, kuma ina ganin daga tatsuniya ta samo asali. Dodon Bahaushe ai yana magana. Yakan ƙetarar da mace kogi bisa alkawarin za ta ba shi 'yarta, ya zo neman alkawarinsa in lokaci ya yi, kuma yawanci wani ne a cikin mutane ya jawo shi da kwaɗayi ko ƙin jin maganar iyaye. Ko macijin rijiyar Kusugu ta Daura yana da ƙa'ida, ran Juma'a yakan bari a ɗebi ruwa. Mutumin da aka yaye da irin wannan labari, in ya ga abin tsoro sai ya tambaya wa ya kira shi, wa ya saɓa alkawari. Shi Aja bai damu da wannan tambaya ba, aikinsa ya sa ɗan kallo ya zabura daga kujera, ya kuwa iya. Ni kaina na zabura, ba sau ɗaya ba.

Sai dai akwai waɗanda ba su shiga gardamar ko kusa, yawancinsu mata ne masu 'ya'ya. Su ba sa son a kunna shi a gidajensu, domin ƙarar ruwan da ke cikinsa ma kaɗai ta ishe su. Akwai yaran da har yau in hadari ya haɗu da dare ba su iya barci, to ina amfanin a ƙara musu da kada? Ba na jin akwai mai hankalin da zai ja da su.

Ra'ayin da ya fi tsaya mini a rai daga bakin ɗalibai na ji shi, waɗanda suka kalli fim ɗin kafin ambaliya suka sake kallonsa bayanta. Suka ce a karo na biyu ba kadojin suka riƙa dubawa ba, farkon labarin suka duba. A can an yi shela tun guguwa ba ta iso ba, an umurci kowa ya fita, 'yan sanda sun tare hanya, garin ya zama kufai, ita Haley da ƙafarta ta koma cikin hatsari. A Yerwa kuwa, 'yan kwanaki kafin madatsar ta ɓalle, jami'an gwamnatin jiha sun je sun duba ta, suka ce wa jama'a babu abin tsoro. Kuma a can mutum biyu da kare jirgi ya zo dominsu, a nan gida mai mutum goma sha biyar ya kwana biyu a kan kwano yana jiran kwalekwale ko motar soja, kana a kai shi sansanin Bakassi wanda aka sake buɗewa. Inda fim ya ƙare, a nan wahalar mutanenmu ta soma, domin a watan Oktoba na shekarar gwamnatin Barno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Ƙwayar cutar nan ba ta da haƙorin da za a nuna a majigi, shi ya sa babu mai yi mata fim.

A nan ne nake ganin ɗaliban da dattawan suka haɗu ba tare da sun sani ba, gama dukansu tambaya ɗaya suke yi, watau wa ya buɗe wa dodo ƙofa. An gama gina madatsar Alau a 1986. Ta taɓa yi wa garin ambaliya a 1994, shekaru 30 cif kafin wannan, kuma masana sun sha faɗin cewa tana bukatar gyara. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 domin sake gina ta. Da a ce rabin kuzarin da muke kashewa wajen musun ko kada yana iya fasa taga mun kashe shi wajen bin diddigin wannan kuɗi, muna tambayar wakilanmu ina aka kwana duk damina, da gardamar teburin mai shayi ta yi riba.

Saura magana ɗaya ga masu shagunan tura finafinai. A Amurka inda aka yi Crawl, hukumar da ke auna finafinai ta sa shi cikin ajin waɗanda yaron da bai kai shekara 17 ba ba ya shiga kallo sai tare da babba, saboda jini da munanan raunuka. A nan kuwa yaro ɗan shekara goma zai miƙa wayar uwarsa da ɗan canji a zuba masa, ba mai tambayarsa ko ɗan wane ne, balle a tambaye shi a wace unguwa ya kwana daren 9 ga Satumba. Ya kamata ƙungiyarsu ta zauna ta tsai da shawara a kan wannan tun hukuma ba ta tsayar musu ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.