FURFURA BA LAIFI BA CE

Jama'a, duk wanda ya saba duba tallan neman ma'aikata a ƙasar nan, ko a jarida ko a waya, ya san wani ɗan layi da akan maƙala can ƙasa, watau kada mai nema ya wuce shekara kaza. Wani wurin a ce 26, wani wurin 28, masu sassauci su ce 30 ko 35. Tun ba a tambayi mutum abin da ya iya ba, an riga an rufe masa ƙofa da ranar haihuwarsa. A kan wannan layi muke so mu yi magana a makon nan, gama ya zaunar da magidanta masu yawa waɗanda ƙarfinsu bai ƙare ba, hankalinsu kuwa yanzu ma ya nuna.

In ana son a ga ɓarnar abin da ido, sai a je Kakuri a Kaduna. A shekarar 1957 Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa kai da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, sa'an nan Arewa Textiles da sauransu. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi nan take zuwa, a kaɗa ta, a saƙa, a rina, a buga atamfa. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, sai ka ga titi ya cika maƙil da kekuna. Masu abinci suna ci, masu gidan haya suna ci, teloli suna ci, manomin auduga can ƙauye yana ci.

To, sai wutar lantarki ta zama abin da ta zama, baƙin mai da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada, yadin waje mai araha ya yi ta kwararowa ta kan iyaka, rabi ta hanya rabi ta ɓarauniyar hanya. KTL ta tsaya a 2002. UNTL ta rufe a 2007, ko da yake an sake buɗe ta a 2010, ba ta koma yadda take ba. A Kano ma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da yawa sun bi sahu. Ma'aikatan KTL kuwa sun shekara da shekaru suna zarya a kan kuɗin sallamarsu, har waɗansu suka riga mu gidan gaskiya, matansu suka gaji zaryar.

Mu ɗauki misali da mutumin da ya shiga masaƙa a 1990 yana ɗan shekara 20. Ran da aka rufe ƙofa a 2007 shekarunsa 37. Ya yi shekara 17 yana tsaye gaban injin saƙa, har ya kai in injin ya sāke kuka ya san inda ciwon yake tun bai kwance ƙusa ba. Ya san zare mai kyau da taɓawa. Ya saba da zuwa aiki kan lokaci, ya saba da kula da yara goma ko ashirin a ƙarƙashinsa. Ya ɗauki takardunsa ya shiga neman aiki, aka ce masa ya tsufa. Yana da shekara 37! Yau ya haura hamsin, kuma in ka neme shi sai ka same shi yana gadi a ƙofar wani gida, ko yana jan Keke Napep na wani yana kai balas kullum, ko yana zaune gindin bishiya yana jiran a kira shi leburanci.

Kada a ji mu da kuskure. Ba mu raina gadi ba, ba mu raina tuƙi ba. Duk sana'ar da mutum zai ci halal da ita abar girmamawa ce, ta fi roƙo nesa ba kusa ba. Abin da muke cewa shi ne ƙasar da ta kashe shekara 17 tana koya wa mutum aikin inji, sa'an nan ta ba shi tocila da sanda, ta yi asara sau biyu, ta ɓata mutumin ta kuma zubar da saninsa. Shi kansa in ka zauna da shi za ka ji ba kuɗi kaɗai ke damunsa ba. Yana so ya tashi da safe ya san akwai inda ake bukatarsa, akwai abin da in bai je ba ba zai gyaru ba. Mutum in ya manyanta ya fi ƙin zaman banza a kan yunwa.

Ba kuwa 'yan masaƙa kaɗai ba ne. Akwai akawun banki da aka rage, akwai malamar asibiti da ta ajiye aiki don renon 'ya'ya yanzu tana son komawa, akwai direban babbar mota da idonsa ya daina son tafiyar dare, akwai ma'aikacin Gwamnati da ya cika shekara 35 yana aiki aka sallame shi alhali bai kai 60 ba. Waɗansu ma da aikinsu a hannu, amma sun gaji da turawa da karɓar fayil, suna so su ƙarasa sauran ƙarfinsu a koyarwa ko noma ko wani abin da zai amfani jama'a. Dukansu bango ɗaya suke karo da shi.

Yanzu mu duba yadda masu yin doka suka yi wa na sama. Tun 2012 farfesa a jami'a yana iya aiki har shekara 70. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai malaman makaranta shekara 65, ko shekara 40 ta aiki. A 2023 aka daidaita manyan alƙalai a kan shekara 70. Shugaban ƙasa da aka zaɓa a 2015 yana da shekara 72, wanda aka zaɓa a 2023 yana da 70, kuma tsarin mulki bai yanka wa mai neman wannan kujera iyaka ta sama ba. Ba mu yi baƙin ciki da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hujjar da aka kafa ita ce gogewa tana da amfani, bai kamata a zubar da ita ba. Madalla, mun yarda. Amma ina dalilin da gogewar alƙali za ta zama zuma, gogewar bakanike ta zama shara? In ɗan shekara 70 zai iya riƙe ƙasa, me zai hana ɗan shekara 45 riƙe sito?

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa namiji ko mace. Bai ambaci shekaru ba, ta nan kuwa masu ɗaukar aiki suke bi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara mai lamba 162 tun 1980, cewa kada a ware manyan ma'aikata saboda shekarunsu. Amurka ta yi doka a 1967 wadda ta kare wanda ya kai 40. A nan kuwa, a watan Yuli na 2023 Majalisar Dattawa ta yi ƙuduri tana roƙon masu ɗaukar aiki su sassauta ƙa'idar shekaru. Roƙo fa! Wane mai kamfani ne ya taɓa rasa barci saboda roƙo?

Ga kuma wata illa da kowa ya sani, ba mai son faɗa. Ƙa'idar nan ta mai da mutanen kirki maƙaryata. Dattijo mai salla biyar sai ya je kotu ya yi rantsuwa ya zaftare shekara biyar ko bakwai daga shekarunsa, ya sayi baƙin shuni ya shafe furfura kafin ya shiga intabiyu. Dokar da ba ta barin mutum ya ci abinci sai ya yi rantsuwar ƙarya, ai ita ce abar tuhuma.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce samari ma ba su da aiki, ga su nan sun gama makaranta sun gama bautar ƙasa suna yawo da takardu, in an buɗe wa tsofaffi ƙofa su ina za su? Wannan magana tana da nauyi, ba mu yi mata riƙon wasa ba, 'ya'yanmu ne. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙa'idar nan tana cin samarin su ma. Yaron talaka da ya shiga makaranta a makare, yajin aiki ya ci masa shekara, ya jira aiki shekara uku, kafin ya farga ya wuce 28, ya zama tsoho a idon banki. Ɗan mai kuɗi da ya gama a waje yana 21 shi ke shigewa. Na biyu, aiki ba tuwo ba ne da za a ce in uba ya ci ɗa ya rasa. Tsohon fita da aka ba shi wurin aiki da kayan aiki zai ɗauki yara biyar ya koya musu. Ku je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ku gani, kowane maigida da yaransa. Waɗanda suka bar masana'antu suka mutu su ne ke son a haɗa uba da ɗa faɗa a kan guntun da ya rage, don kada a tambaye su ina sauran.

Za a kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, babba ba ya koyon kwamfuta. Mu kuwa mun ga tsofaffi da ba su taɓa zama a aji ba suna tura kuɗi ta waya, suna cinikin hatsi ta WhatsApp. Iyayenmu sun riga sun yanke wannan shari'a da suka ce gemu ba ya hana ilmi. In ana shakka, a gwada mutum. Wanda ya faɗi gwaji ya tafi ba tare da ƙorafi ba, amma a bar shi ya shiga ɗakin gwajin.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma za mu yi ta maimaita shi har a ji.

Na farko, Majalisar Tarayya ta yi doka sosai, mai hukunci, wadda za ta hana sa iyakar shekaru a tallan aiki, sai fa a ayyukan da kowa ya san suna bukatar ƙuruciya, kamar soja da kashe gobara. Gwamnati ta fara da ma'aikatunta.

Na biyu, duk ma'aikacin da aka rufe masana'antarsa a biya shi haƙƙinsa, wanda ya rasu a biya magadansa. Wannan bashi ne, ba alheri ba ne. Mutumin da aka riƙe wa kuɗin sallama an riƙe masa jarin da zai sāke sana'a da shi.

Na uku, makarantun koyon sana'a na jihohi, da Hukumar Samar da Ayyuka ta Ƙasa, da asusun horar da ma'aikata da aka kafa tun 1971, su ɗauki tsofaffin gwanaye su zama masu koyarwa, a biya su albashi na mutunci. Makarantu da yawa suna da injuna a kulle don babu mai koyarwa, masu koyarwar kuwa suna gadi. Hankali bai ɗauki wannan ba.

Na huɗu, a sauƙaƙa wa wanda ya iya aiki da hannu ya sami takardar shaida ta hanyar gwaji, kusa da gida, da kuɗi kaɗan, ba sai an ce ya koma aji da sa'o'in jikokinsa ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu furfura, muna da magana da ku. Kada ku zauna jiran Gwamnati, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da aiki yau ya fara koyon abin da zai yi gobe. Wanda ya iya walda ko wayarin ko gyaran inji ya je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ya tambayi gwajin sana'a, mataki uku ne, ya karɓi takardarsa. Wanda yake cikin sabon tsarin fansho ya sani dokar 2014 ta ba shi dama, in ya rasa aiki bai kai 50 ba kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, ya karɓi kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Amma a yi hattara da kuɗin nan. Kada a miƙa shi ga masu alkawarin ninki a wata guda, kada kuma a zuba shi duka a sana'ar da ba a sani ba don an ga maƙwabci ya ci riba. A fara da abin da hannu ya saba. Mutum biyar da suka yi aiki a sashe ɗaya in sun haɗa jari suka yi rajistar ƙungiyar gama kai, sun fi ƙarfin samun rance da kwangila a kan kowa shi kaɗai. Kuma kada kunya ta hana ku gaya wa tsofaffin abokan aiki kuna nema, gama aikin babba ya fi zuwa ta bakin wanda ya san shi. In ɗanka ne zai koya maka kwamfuta, zauna ka koya, girmanka ba zai zube ba.

Ga samari kuwa, kalma ɗaya. Mai shekara 25 yau shi ne mai 45 gobe, layin nan da ke ƙasan talla yana nan yana jiransa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ɗan takarar da ya zo unguwarku neman ƙuri'a, ku da iyayenku ku tsaya tare ku tambaye shi ko zai goyi bayan wannan doka, ku kuma riƙe amsarsa har ranar zaɓe.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan talakawa, ya sa mu gama da ƙarfinmu lafiya. Amin.