A Tsare Hanya Kafin Yawon Buɗe Ido

Turawa ma'aurata kan goya jaka su tafi Tailan ko Indunusiya, su hau duwatsu, su nutsa cikin teku da tukunyar iska a baya. Mu a ƙasar Tambuwal ga tafkin Romo kusa, inda masunci ke kifa ciki kan gora, homa a hannu, ya yi nutso da numfashinsa kaɗai. Argungu ma, da bikinta na kamun kifi ya faro a 1934, tafiyar yini ba ta kai ba. To magidanta nawa suka taɓa kai iyalinsu kallo? Ban ga laifinsu ba. A ƙauyukan Kebbe 'yan bindiga sun sa zuwa gona ma sai da fargaba. Sai gwamnati ta fara tsare hanyoyin zuwa wuraren nan tukuna.